Kafin A Kankare Tsohon Fenti, A Nemi Wanda Ya Sani

A makon da ya gabaci Kirsimati na bara mun kai ziyara wata ƙaramar ekklesiya a ƙasar Durba, domin mu duba hatsin da Zumuntar Mata suka tara a rumbunsu. Da muka isa sai muka tarar ana gyaran majami'a. Samari huɗu sun ciro tagogi da ƙofar ƙarfe sun jingine su a gindin darbejiya, suna ta gurzarsu da samfefa. Tsohon fenti kore da rawaya yana tashi kamar gari, iskar hunturu kuwa tana kwasarsa tana kaiwa inda 'yan Makarantar Lahadi su ke zaune suna bitar waƙoƙin biki. Wata yarinya tana goye da ƙaninta, wata kuma ta ajiye farantin gyaɗarta a ƙasa ba rufi. Da aka gama, mata suka share wurin da tsintsiya, suka kai sharar juji.

Mun yaba wa samarin nan, gama aikin Ubangiji su ke yi, ba wanda ya biya su ko kwabo. Mu kanmu mun sa hannu cikin baikon da aka sayi sabon fentin da shi. Sai da muka zauna shan ruwa ɗaya daga cikinmu ya yi tambaya, ya ce, "Shin fentin nan da aka kankare, akwai dalma a cikinsa ko babu?" Samarin ba su sani ba. Dattawa ba su sani ba. Mai fentin da aka ɗauko daga Rano ya ce shi dai launi ya sani da yawan kananzir ɗin da a ke sirkawa. Mu ma da a ke kira malaman raya karkara, shiru muka yi.

Wannan shirun ne ya sa muka ɗauki alƙalami. Ra'ayinmu shi ne, lokaci ya yi da ekklesiyoyin ƙasar Rano da Kibiya, tare da maƙwabtanmu Musulmi, za su haɗa kai su sa a horar da waɗansu daga cikin masu fentinmu su iya gwada fenti, su iya cire mai guba ba tare da sun cuci kowa ba, a jarraba su, a kuma ba su takardar shaida. Za mu faɗi dalilanmu, za mu kuma amsa wa waɗanda su ke ganin wannan ɓata kuɗi ne.

Mece Ce Dalma?

Dalma ƙarfe ce mai nauyi, mai taushi. Ita ce a cikin batirin mota, ita ce kuma a cikin irin kwallin dutsen nan mai ƙyalli da waɗansu su ke sa wa jarirai a ido. Jikin mutum ba ya bukatarta ko kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ba a san wani adadin dalma da zai shiga jinin yaro a ce ba shi da lahani ba.

In ta shiga jiki ta baki ko ta hanci, sai jiki ya ɗauke ta kamar abincin da ke gina ƙashi da jini. Tana zaga jini, ta kai ƙwaƙwalwa da hanta da ƙoda, sa'an nan ta kwanta cikin ƙasusuwa da haƙora shekara da shekaru. Mace da ta tara ta tun tana yarinya, sa'ad da ta ɗauki ciki dalmar takan fito daga ƙashinta ta koma jini, ta isa ga ɗan da ke cikin. Hanjin ƙaramin yaro kuwa yana tsotsar dalma ninki huɗu ko biyar fiye da na babba. Yaron da ba ya samun isasshen abinci, ko wanda jininsa ya yi ƙaranci, shi ya fi tsotsa. Ga shi kuma yaro a ƙasa ya ke wuni, kome ya taɓa sai ya kai baki.

In ta yi yawa ƙwarai takan kawo ciwon ciki, da amai, da jijjiga, da suma, har mutuwa. In kaɗan-kaɗan ta ke shiga, ba za a ga kome a jikin yaro ba. Sai dai ya girma ya shiga makaranta, a ga ba ya riƙe karatu, ba ya iya natsuwa, a yi ta dukansa ana ce masa daƙiƙi. Mu da muka taɓa riƙe alli mun san irin waɗannan yara. Ba mu ce dalma ce ta ɓata kowannensu ba, gama dalilai suna da yawa. Amma ɓarnar da ta yi wa ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa. Ga manya kuma tana kawo hawan jini da ciwon ƙoda. Ko dabbobi ba ta bar su ba: maraƙi in ya yi ta lasar tsohon fenti ko fasasshen batir, yana iya makancewa ya mutu.

Abin Da Ya Faru A Zamfara

Ba sai mun tafi ƙasar waje neman misali ba. A watan Maris na 2010 likitocin agaji na ƙungiyar MSF suka lura yara suna mutuwa da yawa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, a Jihar Zamfara. An yi zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, an ba da magani bai yi ba. Da aka gwada jini, ashe dalma ce. Mutane suna haƙo dutsen zinariya mai dalma a ciki, suna kawo shi gida suna daka a turmi, suna niƙa a injin niƙa, ƙurar tana sauka a tsakar gida inda yara su ke rarrafe. Yara fiye da 400 suka rasu. A ƙauyuka biyu da aka yi ƙidaya gida-gida, an sami ɗaya cikin kowane yara huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar ya rasu cikin shekara guda. Sunayen Dareta, da Yargalma, da Abare, da Bagega sun zaga duniya saboda wannan. A 2015 abin ya sāke faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, aka ba da sanarwar rasuwar yara 28.

Ba mu ce fenti zai yi kisa irin na Zamfara ba. Dalmar da ke cikin dutsen can ta fi ta bango yawa nesa ba kusa ba. Abin da mu ke so a lura da shi shi ne yadda aka shawo kan abin. Masana suka zo da na'ura suna gwada ƙasar kowane gida. Suka koya wa mutanen wurin yadda za a kankare saman ƙasar tsakar gida, a zuba a buhu, a kai rami na musamman a binne, a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa, sa'an nan a sāke gwadawa. Likitoci kuma ba su ga amfanin ba yaro maganin fitar da dalma ya koma gidan da ba a tsabtace ba, shi ya sa 'ya'yan Bagega suka yi ta jira har 2013 sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗin aikin. Manoma da leburorin ƙauye ne suka yi yawancin aikin nan da hannunsu, bayan an horar da su. Abin da mutumin Dareta ya iya koya, mutumin Durba ma zai iya.

Me Ya Kawo Dalma Cikin Fenti?

Masu yin fenti sukan sa ta saboda abu uku. Tana ba da launi mai haske, musamman rawaya, da ruwan lemo, da ja, da kore. Tana sa fentin mai ya bushe da sauri. Tana kuma hana ƙarfe tsatsa. Saboda haka fentin mai, watau mai sheƙin nan da a ke sirkawa da kananzir a shafa wa ƙofa da taga da benci da gadon ƙarfe, shi ne abin tuhuma. Fentin ruwa da a ke shafa wa bango ba safai a ke samun dalma mai yawa a cikinsa ba.

Iyakar da masana suka tsayar ita ce kashi 90 cikin miliyan. Watau in ka ƙirga ƙwayar gero miliyan ɗaya, kada fiye da 90 su zama dalma. Hukumomin ƙasarmu da abin ya shafa, SON mai kula da ingancin kaya da NESREA mai kula da muhalli, sun amince da wannan iyaka. A wani binciken da aka wallafa a 2017, wata ƙungiya ta Legas mai suna SRADev, tare da IPEN ta ƙasashen duniya, ta sayi gwangwani 60 na fentin mai a kasuwannin Nijeriya ta aika aka gwada. Kusan uku cikin huɗu sun wuce iyakar nan. Fiye da rabi sun haura 10,000 cikin miliyan, watau sun ninka iyakar fiye da sau ɗari.

Mu ɗauka ma a ce daga yau kowane kamfani ya tuba, ba a ƙara sayar da gwangwani ɗaya mai dalma ba. To, wanda aka riga aka shafa fa? Yana nan a jikin tagogin firamare, da ƙofofin ɗakin shan magani, da bencin majami'a, da ƙyauren ɗakin amarya. Muddin yana manne lafiya lau, haɗarinsa kaɗan ne. Amma ranar ƙasarmu da hunturu ba su barin fenti ya daɗe. Yakan tsage, ya ɓare, ya zama gari, musamman inda taga ko ƙofa ke gugar juna. Mafi muni kuwa shi ne ranar da aka tashi gyara. Awa biyu na gurza da samfefa suna iya watsa ƙurar da shekaru ba su watsa ba. Dalma kuma ba ta ruɓewa kamar taki. Inda ta sauka nan za ta zauna har jikoki.

Yadda Waɗansu Ƙasashe Suka Yi

Batun nan tsoho ne. Tun 1921 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniya a Janeba a kan hana shafa farin fentin dalma a cikin ɗakuna. Amurka ba ta hana sayar da fentin dalma na gidaje ba sai 1978, kuma har yau tana fama da tsofaffin gidajen da aka shafa kafin wannan shekara. Da suka ga masu gyaran gida su ne ke tayar da ƙurar, sai suka kafa doka wadda ta fara aiki a watan Afrilu na 2010: duk ɗan kwangilar da zai taɓa fenti a gidan da aka gina kafin 1978, ko a wurin renon yara, tilas ya kasance da mutumin da ya yi horo ya sami takardar shaida. Horon mai gyara na awa 8 ne, yini ɗaya ke nan. Na mai binciken fenti kwana uku ne, sa'an nan ya zauna jarrabawa. Bayan 'yan shekaru kuma sai an sabunta takardar.

A lura da ƙanƙantar lokacin. Ba digiri a ke nema ba. Mun yi kwas na mako biyu a kan kiwon kaji, mun yi na wata guda a kan noman rani. Ashe kwana uku ko mako guda domin ƙwaƙwalwar 'ya'yanmu zai fi ƙarfinmu?

Abin Da Mai Takardar Shaida Zai Iya

Na fari, zai iya gwaji. Akwai na'urar hannu da a ke kira XRF, irin wadda aka yi aiki da ita a Zamfara, da a ke ɗorawa a jikin bango ta nuna yawan dalma nan take. Tana da tsada, kuma tana fitar da haske mai ratsa jiki, don haka ba a miƙa ta ga wanda bai koya ba. Akwai kuma hanyar yanko ɗan ɓawon fenti har zuwa shafin ƙasa, a sa a leda, a rubuta inda aka ɗauko, a aika ɗakin gwaji. Akwai 'yan tsinken gwaji masu sauya launi, amma sukan yi kuskure, sai wanda ya san iyakarsu zai amfana da su.

Na biyu, zai iya yanke shawara. Wannan ya fi kome. Ba kowane fenti mai dalma a ke cirewa ba. In yana manne, sau da yawa gara a wanke shi a rufe da sabon fenti marar dalma, a riƙa dubawa. In taga ta lalace, wani lokaci sauya ta ya fi kankare ta sauƙi da lafiya. Wanda bai sani ba, da ya ji an ce guba sai ya ɗauki wuƙa ya hau kankara, garin neman gira a rasa ido.

Na uku, in cirewar ta zama tilas, ya san ƙa'ida. Zai fitar da yara da mata masu ciki daga wurin har a gama. Zai kwashe tabarmi, da kwanuka, da randa, da abinci. Zai shimfiɗa leda mai kauri a ƙasa. Zai jiƙa fentin kafin ya kankare, ba zai gurza shi a bushe ba, ba zai ƙona shi da wuta ba, gama hayaƙin ya fi ƙurar saurin shiga jini. Zai sa abin rufe hanci mai tace ƙura sosai, gama ƙyalle ko rawani ba su tsare ta. Ba zai ci goro ko ya sha taba a bakin aiki ba. Zai goge wurin da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya. Zai tuɓe kayan aiki ya yi wanka kafin ya ɗauki ɗansa, kuma ba za a wanke kayan tare da na iyali ba.

Na huɗu, ya san inda sharar za ta. Nan ne mu malaman gona abin ya fi damunmu. Mu ne mu ke koya wa jama'a su tara juji su kai gona kafin damina. In ɓawon fenti ya shiga juji, kaji za su yi tono a ciki, awaki za su yi kiwo, sa'an nan a ɗora a jaki ko amalanke a watsa a gonar da ke bayan gida. Da hannunmu mun kai guba inda mu ke noman abinci ke nan.

Ba sabon abu ba ne ga mai karanta Littafi Mai Tsarki a ce gida yana bukatar mai dubawa. A Littafin Firistoci sura 14, in wani tabo ya fito a bangon gida, maigida ba ya yin gaban kansa, firist ya ke kira. A kan kwashe kayan ɗaki tukuna, firist ya shiga ya duba, a rufe gidan kwana bakwai, ya komo ya sāke dubawa. In abin ya yaɗu a kan kankare bangon, a kai abin da aka kankare bayan gari, a yi sabon yaɓe. Ba dalma a ke magana a kai a wurin ba, amma tsarin ɗaya ne: wanda aka keɓe ya duba, a fitar da kaya, a kai sharar nesa da mutane, a sāke dubawa kafin a ce gida ya tsarkaka.

Amsa Ga Masu Shakka

Mun tattauna batun nan da dattawa da masu sana'a, mun kuwa ji maganganu masu nauyi. Ba za mu ɓoye su ba.

Waɗansu sun ce, "Mu gidajen ƙasa ne da mu, ina ruwanmu da fenti?" Gaskiya ne kakanninmu da makuba da laso da farar ƙasa suka yi ado, kuma waɗannan ba su da wannan matsala. Ƙasar Rano ma an san ta da rini tun zamanin da, katsin marina kuwa shi a ke haɗa laso da shi. Wanda ya riƙe wannan sana'a ya ci gaba, muna sa masa albarka. Amma a duba ƙauyukanmu yau. Kowa ya sayar da amfanin gona ya sami rara, bulo da kwano da ƙofar ƙarfe ya ke nema. Yaron da ya kwana a ɗakin ƙasa ma a aji mai fenti ya ke wuni.

Waɗansu sun ce, "Zazzaɓi da gudawa da tsadar taki sun ishe mu, kada a ƙara mana." Lalle waɗannan su ne a gaba, ba mu kuwa ce a ɗebi kuɗin gidan sauro a sayi na'ura ba. Amma zazzaɓi in an sha magani yakan tafi. Abin da dalma ta ɗauke daga kan yaro ba ya komowa. A 2020 UNICEF tare da ƙungiyar Pure Earth suka ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin uku a duniya, watau har miliyan 800, yana da dalma a jininsa a matakin da ya kamata a tashi tsaye. Iyaye suna sayar da akuya su biya kuɗin makaranta. Ina amfanin mu biya kuɗin karatu da hannun dama, mu rage wa yaro basirar karatun da hannun hagu?

Waɗansu sun ce, "Takarda ai takarda ce. Za a saye ta, kuma masu ita za su tsawwala kuɗi." Wannan ita ce magana mafi ƙarfi, gama duk mun ga takardun da ba su da ilimi a bayansu. Amsarmu ita ce, kada a ba da takardar don an zauna a aji kawai. A sa mutum ya yi aikin a gaban mai jarrabawa, a ga yadda ya shimfiɗa leda, a ga yadda ya tattara shara. A sa mata wa'adi, in ya cika a sāke jarrabawa. A rubuta sunayen masu ita a manna a sakatariyar ƙaramar hukuma da ofishin gundumar ekklesiya, wanda aka kama yana gurza a bushe a soke sunansa. Amfanin takardar kuwa ga maigida ne da shugaban makaranta, waɗanda ba su da hanyar gane gwani da ido. Ba ma yarda wanda bai koya ba ya yi wa shanunmu allura. Don me za mu yarda ya tayar da ƙura a ɗakin da jariri ke kwana?

Masu fenti kuma sun ji tsoron za a raba su da abincinsu. Ko kusa. Su mu ke so a fara horarwa, gama su ne suka fi kowa shaƙar ƙurar nan, su ne kuma ke kai ta gida a jikin riga. Mai fentin da ya iya wannan aiki, sana'arsa ta ƙaru ke nan.

Abin Da Mu Ke Roƙo

Ga majalisun ekklesiyoyinmu na gunduma: a sa batun nan cikin ajandar taro mai zuwa. A zaɓi mutum biyu ko uku masu sana'ar fenti ko walda, waɗanda suka iya karatu da rubutu, masu zama a ƙasar nan, ba waɗanda za su karɓi takarda su wuce birni ba. A haɗa da mace ɗaya daga ma'aikatan lafiya, gama ita ce za ta shiga cikin gidaje ta yi magana da iyaye mata. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma in kowace ekklesiya ta ba da tiya kaɗan na hatsi lokacin kaka, kuɗin mota da na horo za su fito.

Ga shugabannin ƙananan hukumomin Rano da Kibiya, da hakimai da dagatai: a rubuta wa Ma'aikatar Muhalli ta Jihar Kano da ofishin NESREA a nemi su shirya wannan horo su ba da shaidarsa. Jami'ar Bayero a Kano da Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suna da malaman kimiyya da ɗakunan gwaji, a nemi taimakonsu. Ba lalle kowace ƙaramar hukuma ta mallaki na'ura ba. Guda ɗaya tana iya zaga makarantu da ɗakunan shan magani na yanki duka, a fara da azuzuwan ƙananan yara. Duk kwangilar fentin makaranta kuma a rubuta a ciki cewa fentin kada ya wuce kashi 90 cikin miliyan, a kuma gwada kafin a biya.

Ga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wadda ke ba da takardar gwajin sana'a mai daraja uku, da makarantun koyon sana'a: kada mai fenti ya fita da shaida sai an tabbata ya san dalma, ya san yadda a ke aiki da ita.

Ga maƙwabtanmu Musulmi: 'ya'yanmu benci ɗaya su ke zama a firamare, rijiya ɗaya mu ke sha, mai fenti ɗaya ke shafa majami'a kafin Kirsimati ya shafa Islamiyya kafin Salla. Duk wanda aka horar, na kowa ne. Muna roƙon malamai da limamai su zo mu zauna tare.

Kafin Wannan Ya Tabbata

Kada kowa ya zauna jiran gwamnati. Daga yau, kada a gurza tsohon fentin mai a bushe, kada a ƙona shi. Kada a yi girki da katakon da aka taɓa shafa wa fenti. Kada a zuba ruwan sha, ko kunu, ko man gyaɗa a gwangwanin fenti. In fenti yana ɓarewa a inda yara ke wasa, a tattara ɓawon da jiƙaƙƙen tsumma, a ƙulle a leda, a ajiye inda yaro ko dabba ba za su kai ba, nesa da rijiya da juji. A wanke wa yara hannu da sabulu kafin cin abinci. A ba su wake, da zogale, da nono, da ƙwai in da hali, gama cikin da ya ƙoshi bai cika tsotsar dalma kamar na mai yunwa ba. A daina sa wa jarirai kwallin dutse. Kada a fasa batirin mota ko na sola a cikin gida. In za a sayi fenti a karanta jikin gwangwani, a tambayi mai kanti ko marar dalma ne. In masu saye suka yi ta tambaya, masu sayarwa za su fara tambayar kamfani.

Kada wani ya ce abin ya fi ƙarfin mutane. Shekaru da yawa ana zuba dalma cikin man fetur, ana cewa mota ba za ta yi tafiya sai da ita. A 2021 Aljeriya, wadda ita ce ta ƙarshe, ta daina sayar da shi, motoci kuwa suna nan suna tafiya.

Mun koma ekklesiyar nan bayan biki. Mun gaya wa dattawa abin da muka rubuta a nan, mun kuma roƙi gafara domin muna tsaye aka yi aikin ba mu hana ba. Sun yarda a killace gindin darbejiyar da ƙaya, a mai da Makarantar Lahadi wata inuwa, har a sami wanda zai gwada ƙasar wurin. Har yanzu muna neman wannan mutum. Muna fata kafin wata Kirsimati ya zama ɗan ƙasar nan ne, da takardarsa a hannu, da saninsa a ka.

Duk ekklesiya ko ƙungiyar da ke da mai sana'ar da ta ga ya dace, ta ba da sunansa ga malamin raya karkara na yankinta sa'ad da ya zo zagaye. Allah ya ba mu hikimar kiyaye 'ya'yan da ya ba mu amana. Amin.